Bishop Samuel Ajayi Crowther: Bawan Allah da Ya San Tsoro da Baƙin Ciki

Duk wanda ya karanta tarihin Nijeriya a makaranta ya taɓa cin karo da sunan Samuel Ajayi Crowther. An san shi da cewa shi ne baƙar fata na farko da ya zama bishop a Ikkilisiyar Angilikan, shi ne kuma ya jagoranci aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci. Hotonsa da muka saba gani na dattijo ne mai furfura, cikin tufafin bishop, fuskarsa a natse kamar ta wanda bai taɓa sanin tashin hankali ba.

Akwai abubuwa biyu da ba a cika faɗa mana game da shi ba. Na ɗaya, wannan dattijo ya taka ƙasar Muri da ƙafarsa a 1854, shekara 39 kafin a kafa garin Jalingo. Na biyu, sa'ad da yake yaro, tsoro da baƙin ciki sun kai shi har bakin kabari, kuma shi da kansa ya rubuta labarin, bai ɓoye ba.

Wannan abu na biyu ya shafe mu ƙwarai. A jiharmu ta Taraba akwai waɗanda rikici ya raba da ƙauyukansu, da waɗanda aka yi garkuwa da su aka sako, da waɗanda ambaliyar Binuwai ta cinye wa gona. Da yawansu suna zaune tare da mu a sujada kowace Lahadi, jiki ya warke amma zuciya ba ta kwanta ba, suna kuwa jin kunyar faɗa don kada a ce bangaskiyarsu ta gaza. Saboda irinsu muka waiwayi rayuwar wannan bawan Allah.

Ranar da Osogun ta ƙone

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a garin Osogun, kusa da Iseyin, cikin jihar Oyo ta yau. A lokacin daular Oyo tana rushewa, yaƙi ya bazu ko'ina, kamun bayi kuma ya zama sana'a. A farkon 1821, da hantsi, ana cikin shirya karin kumallo, sai mayaƙa suka kewaye garin. Mahaifinsa ya shigo gida da sauri ya ce su gudu, ya koma bakin dāga. Ajayi bai sāke ganinsa ba.

Ba su yi nisa ba aka kama shi tare da mahaifiyarsa Afala da ƙannensa mata biyu, ɗaya tana goye. Aka zura musu igiya a wuya, aka kora su suna waigen garinsu yana cin wuta. Da aka isa Iseyin aka raba ganima, aka raba uwa da 'ya'yanta. Aka yi musayar Ajayi da doki, bayan ɗan lokaci dokin bai gamsar ba, aka dawo da yaron kamar kayan da aka fāsa saye. Daga nan aka kai shi wani gari inda ya tarar da mahaifiyarsa da jaririyar, ya yi kamar wata uku yana ganinsu. Zuciyarsa ta fara kwanciya ke nan, sai wata rana da yamma aka ɗaure shi cikin ayarin da za a kai kasuwa, ko sallama bai yi da ita ba. Wannan rabuwa ta biyu ta fi ta farko ciwo, gama ta koya masa cewa ko ɗan sanyin da ya samu ana iya ƙwace shi a kowane lokaci.

Kwanakin duhu

A kasuwar Ijaye wata 'yar kasuwa ta saye shi. Yana hannunta ya ji ana maganar tafiya ƙasar Popo a bakin teku don sayen taba, ya gane cewa shi ne kuɗin tabar, kuma a hannun Turawan Fotugal zai ƙare. Tun daga ranar hankalinsa bai sāke kwanciya ba. Abinci ya fita daga ransa, atuni ya kama shi, ya rame. Tunanin ƙetare teku zuwa wurin da ba a dawowa ya hana shi sakat dare da rana. Ya kai ga ganin mutuwa ta fi masa, har ya yi yunƙurin ɗauke ransa fiye da sau ɗaya. Allah cikin jinƙansa bai bari ba. Yaron da muke magana a kansa bai wuce shekara 13 ba.

Da uwargijiyarsa ta ga yana lalacewa, sai ta yi maza ta sayar da shi kafin ta yi hasara. Haka ya riƙa wucewa daga hannu zuwa hannu, ana musayarsa da taba da giya da sauran kaya, har aka kawo shi bakin babban ruwan da ya raba tudu da tsibirin Ikko, wato Legas. Ajayi ɗan tudu ne, bai taɓa ganin ruwa mai faɗin haka ba, a ganinsa lahira za a ƙetarar da shi. Ƙafafunsa suka ƙi tafiya, sai da matuƙan suka ɗauke shi cak suka ajiye shi cikin kwalekwale a tsakanin buhunan hatsi, suka sa masa abinci a hannu. Yadda aka ajiye shi haka ya kwana, bai motsa ba, abincin yana hannunsa, har suka isa da asuba.

Likitocin zamaninmu suna da suna ga irin wannan hali. Ƙin abinci, da fid da rai, da sandarewar jiki, da tunanin mutuwa, alamu ne da ake gani ga wanda ciwon damuwa ya kama ko wanda ya sha mummunar firgita. A 1821 babu mai wannan sani a kusa da shi. Waɗanda suke kallonsa farashinsa kaɗai suke lissafawa.

'Yanci bai kore tsoro nan take ba

A Ikko aka sayar da shi ga Turawan da yake gudu. Aka sa shi a sarƙa ɗaya da manyan maza, in sun fusata suka fizga, wuyan yaran ne yake shan wahala. A watan Afrilu 1822 aka loda su, mutum 187, cikin jirgin bayi. A ranar da suka tashi, jiragen yaƙin Ingila biyu da suke sintirin hana cinikin bayi suka tare su.

Aka kai Ajayi da waɗansu yara cikin jirgin Myrmidon, na Kyaftin Henry Leeke. Da suka hau, suka ga nama a rataye, suka ga waɗansu dunƙule-dunƙule a jere a kan dandamali. Nan da nan suka tabbatar wa juna cewa naman 'yan'uwansu ne aka rataye, dunƙulen kuwa kawunansu ne. Sai da suka matsa kusa suka duba da kyau, suka ga kofato, suka gane naman alade ne, kawunan kuma harsasan igwa ne na baƙin ƙarfe. Gaskiyar Hausawa ne da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yaran sun riga sun kuɓuta, amma zukatansu ba su sami labari ba tukuna.

A watan Yuni 1822 aka sauke su a Saliyo. Aka kai Ajayi ƙauyen Bathurst, makarantar mishan ta CMS, inda malamai irin su Davey da Weeks da matansu suka riƙe shi kamar ɗa. Ya tarar da Yarabawa da suka riga shi zuwa, masu jin harshensa, waɗanda suka sha irin abin da ya sha. Ya sami abinci a kan kari, da wurin kwana, da aikin hannu, gama an koya masa sassaƙa. Cikin kamar wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari. Ranar 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani fasto na Landan, Samuel Crowther. A 1827 shi ne ɗalibi na farko da aka rubuta a makarantar Fourah Bay, a 1829 kuma ya auri Asano, wadda aka yi wa baftisma da suna Susan, ita ma daga jirgin bayi aka kuɓutar da ita. Sun yi shekara 50 da ɗoriya tare.

A 1837, yana malami, ya rubuta doguwar wasiƙa zuwa ga shugabannin mishan, ya zayyana dukan abin da ya same shi. Mutum ne da aka fara girmamawa, yana da suna da zai kāre, duk da haka bai tsallake kwanakin da ya nemi mutuwa ba, bai tsallake daren kwalekwale ba, har batun naman alade ya saka. Ya ɗauki ranar da aka kama shi a matsayin ranar baƙin ciki, ya kuma ɗauke ta a matsayin ranar da Allah ya fara bi da shi hanyar da bai sani ba. Ya riƙe biyun tare, bai bar godiya ta shafe gaskiyar zafin ba. Shekara 16 ya ɗauka kafin ya iya rubuta wannan.

Komawa kan ruwa

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku su hau kogin Kwara don neman hanyar tsai da cinikin bayi. CMS ta sa Crowther cikin tafiyar tare da Fasto J. F. Schön, Bajamushen nan da daga baya ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Tafiyar ta zama ta makoki. Zazzaɓi ya kwantar da kusan dukan Turawan, fiye da rubu'insu suka mutu. Crowther ya yi jinyar marasa lafiya, ya ga ana binne abokan tafiya a gaɓar kogi, ya kuma rubuta abin da ya gani kowace rana. Wannan rubutu ya sa aka kira shi Ingila, aka naɗa shi fasto a 1843.

A 1846 ya isa Abekuta domin aikin bishara. A watan Agusta na shekarar aka kawo masa wata tsohuwa, sai ga shi mahaifiyarsa ce, bayan shekara 25. Suka riƙe juna suna kallon juna, hawaye yana zuba, magana ta gagara. Ya fanshi 'yan'uwansa mata da suke cikin bauta, a 1848 kuma aka yi wa tsohuwar baftisma da suna Hannatu. Da ya mutu a ƙasar bauta yana ɗan shekara 13, da wannan rana ba ta zo ba, kuma a wancan lokaci babu abin da zai iya nuna masa cewa tana tafe.

Ya iso ƙasar Muri

A 1854 ɗan kasuwan nan Macgregor Laird ya shirya jirgin Pleiad domin ya hau Binuwai, ya kuma nemi labarin matafiyi Heinrich Barth. Likita William Baikie ne ya shugabanci tafiyar, Crowther kuma yana ciki. Wanda ya ga abin da ya faru a 1841 yana da dalilin ƙin komawa, amma ya koma. A wannan karo Baikie ya sa kowa shan kwinin kowace rana, aka yi kusan wata huɗu a kan kogi, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Crowther mutum ne mai addu'a, bai kuwa ga wani saɓani tsakanin addu'a da magani ba.

Jirgin ya wuce mahaɗar koguna, ya shiga ƙasar Jukunawa, ya tsaya a Jibu. A watan Satumba suka kai Gurowa, mashigar ƙasar Muri, inda ƙarancin itacen wuta ya tsai da jirgin. Daga nan Crowther ya taka zuwa Hamaruwa, babban birnin masarautar Muri a lokacin, a gindin duwatsu arewa da kogin. Ya gana da sarki, ya bayyana dalilin zuwansu, aka karɓe su da mutunci. Ya lura da yadda Hausa take haɗa kabilu a kasuwannin kogin, ya rubuta abin da ya gani na jama'a da harsunansu a littafin tafiyarsa da aka buga a 1855.

Ya kamata mu dubi wannan ganawa da kyau. Crowther ya rubuta cewa waɗanda suka ƙone Osogun Yarabawan Oyo ne Musulmi tare da Fulani, waɗanda suka saye shi a bakin teku kuwa Turawa ne masu amsa sunan Kirista. Yana da hujjar ƙin ɓangarorin biyu har abada. Amma ga shi zaune a fadar sarkin Fulani yana gaisuwa cikin ladabi. Haka ya yi shekaru yana hulɗar mutunci da Etsu Masaba na Bida, har a shekarun 1880 Etsu Maliki ya aika masa da saƙo yana neman taimakonsa a hana shigo da barasa ƙasar Nufe. Tsoron da ba a yi maganinsa ba yakan rikiɗe ya zama ƙiyayya ga kabila ko addini gaba ɗaya. Nasa bai rikiɗe ba.

Bai kafa tashar mishan a Muri ba. Sai a 1904 'yan mishan na SUM suka biyo wannan kogi zuwa Ibi, aiki ya kai Wukari a 1906, ya kai Bambur a 1923. Jalingo kuwa Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa ta a 1893, bayan rasuwar Crowther. Amma hanyar ruwan da masu bishara suka biyo zuwa gare mu, yana cikin waɗanda suka fara gwada ta.

Masifu a bakin aiki

A 1857 ya fara aikin mishan na Kwara, ya ajiye Fasto J. C. Taylor a Anacha, ya ci gaba zuwa arewa cikin jirgin Dayspring. A watan Oktoba jirgin ya bugi dutse kusa da Jabba ya farfashe. Suka tsira da rai, suka yi kusan shekara guda a bukkoki a bakin kogi suna jiran wani jirgi. Crowther ya mai da zaman jira ya zama makaranta, ya duƙufa koyon Nufanci, wanda daga baya ya wallafa littattafai a kansa.

A ƙarshen 1862 gobara ta cinye gidansa a Legas. A cikin abin da ya ƙone har da takardun da ya yi shekara 11 yana tara kalmomi da karin magana daga bakin tsofaffi domin aikin fassara. Ya rubuta wa abokinsa Henry Venn, sakataren CMS, ya faɗa masa yadda hasarar ta taɓa shi, sa'an nan ya sāke farawa.

Ranar 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a babbar majami'ar Kantabari. Cikin taron akwai Henry Leeke, wanda ya zama babban hafsan jiragen ruwa, da gwauruwar Weeks, wadda ta koya masa haruffa. Muƙami bai kāre shi daga wahala ba. A watan Satumba 1867 wani basarake a yankin Idah mai suna Abokko, wanda dā abokinsa ne, ya tare kwalekwalensa, ya kwashe kayansa, ya tsare shi da ɗansa Dandeson fiye da mako guda yana neman kuɗin fansa. Mataimakin jakadan Ingila da ke Lakwaja, Fell, ya zo ya kuɓutar da su, amma kibiya mai dafi ta same shi suna gudu zuwa jirgi, ya mutu. Ga mutumin da aka taɓa yi wa farashi yana yaro, an sāke yi masa yana bishop, wani kuma ya rasa ransa dominsa. Duk da haka ya ci gaba da hawa da sauka a kan kogin fiye da shekara 20 bayan wannan.

Raunin da ya fito daga cikin gida

Mafi nauyin abin da ya same shi ya zo ne da tsufa. Venn, wanda ya gaskata cewa 'yan Afirka za su iya riƙe ikkilisiyarsu, ya rasu a 1873. Matarsa Susan ta rasu a 1880, mahaifiyarsa kuma a 1883. Waɗanda yake jingina da su suna raguwa, a daidai lokacin da sabbin shugabannin mishan suka fara shakkar aikinsa. Aka riƙa rubuta rahotanni a kan ma'aikatansa, har akwai wanda ba a ba shi ya karanta ba. Gaskiya ne waɗansu ma'aikatan sun yi laifi, gaskiya ne kuma bishop ɗin mai sanyin hali ne, ya fi son gyara mutum da korarsa. Amma an haɗa mai laifi da marar laifi, launin fata kuma ya shiga cikin hukuncin.

A 1890 samarin 'yan mishan suka iso daga Ingila, cikinsu har da Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, waɗanda suka sauka a Lakwaja da nufin shiga ƙasar Hausa. A watan Agusta aka yi taron kwamiti a Anacha, inda aka tuhumi fastocin Afirka ɗaya bayan ɗaya, sakataren kwamitin F. N. Eden kuma ya dakatar da Dandeson daga aiki a gaban mahaifinsa. Dattijo mai shekara 80 da wani abu, sa'an kakanninsu, ya ajiye shugabancin kwamitin. Bai zagi kowa ba, bai fita daga ikkilisiya ba, bai kuma amince da rashin adalcin ba. Ya rubuta amsarsa ga tuhume-tuhumen, ya goyi bayan ikkilisiyoyin yankin Boni su riƙe kansu da kuɗinsu.

Jikinsa bai iya ɗaukar abin da zuciyarsa ta ɗauka ba. A watan Yuli 1891 shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ranar 31 ga Disamba 1891 ya yi barci cikin Ubangiji a Legas. Bature aka naɗa a gurbinsa, sai a 1952 'yan ƙasa suka sāke riƙe dayosis na Angilikan a Nijeriya. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Akbishop na Kantabari Justin Welby ya tsaya a majami'ar da aka naɗa shi, ya amsa a fili cewa ikkilisiya ta zalunce shi, ya nemi gafara. Crowther bai ga wannan rana ba. Ya mutu da rauninsa, yana riƙe da Ubangijinsa.

Abin da za mu ɗauka

Ɗan'uwa mai karatu, rayuwar Crowther ba ta yi mana alkawarin cewa mai bi ba zai ji tsoro ba, ko kuwa kowane baƙin ciki zai ƙare da dariya a wannan duniya. Abin da ta nuna shi ne yadda mutum yake rayuwa, har ya yi amfani, bayan duhu ya taɓa rufe shi.

Ya faɗi abin da ya same shi. Idan wanda ya zama bishop ya iya rubuta cewa ya taɓa fid da rai, babu dalilin da zai sa dattijon ikkilisiya ko shugabar zumuntar mata ko matashi ya ɗauki irin wannan a matsayin abin kunya. Annabi Iliya ma ya roƙi mutuwa a jeji, kamar yadda yake a 1 Sarakuna sura 19, Ubangiji kuwa bai fara da tsawata masa ba, abinci da barci ya fara ba shi.

Mutane ne suka riƙe shi: malaman Bathurst, da 'yan ƙasarsa a Saliyo, da Susan, da Venn. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda aka sako daga hannun masu garkuwa, ko wadda ta tsere daga ƙauyen da aka ƙone, tana bukatar fiye da sujadar godiya ta rana ɗaya. Idan ƙarar babur ko bugun ƙofa da dare yana firgita ta bayan watanni, kada mu ce ta cika tsoro, mu tuna da yaran da suka ga kawuna a wurin harsasai. A ziyarce ta, a saurare ta, a taimake ta ta koma gona ko kasuwa ko makaranta sannu a hankali. Crowther ma a hankali ya koma kan ruwa, aiki kuma ya ba kwanakinsa tsari.

Bai raina magani ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙiyasin cewa kimanin mutum miliyan 280 ne suke fama da ciwon damuwa, ciwo ne kuwa da ake warkewa ta hanyar shawarwarin ƙwararru da magani. A watan Janairu na shekarar aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kāre mutuncin majinyaci. Idan baƙin ciki ya kai mako biyu yana danne mutum kusan kowace rana, barci da cin abinci suka rikice, abin da yake so dā ya fita daga ransa, to, lokacin ganin likita ya yi. A Jalingo akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, a faɗa wa likita kome. Idan kuwa wani ya fara maganar mutuwa ta fi masa, kada a ɗauka wasa ne, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Fasto ya yi addu'a, ya kuma raka shi.

A kowace ikkilisiya tamu akwai mai zama shiru a kujerar baya, abinci yana hannunsa ya kasa ci. Ba mu san abin da Allah ya shirya yi da shi ba, kamar yadda matuƙan Ikko ba su san wanda suka ajiye a tsakanin buhunan hatsi ba. Ubangiji ya ba mu idon ganinsa da haƙurin zama kusa da shi, ya kuma ta'azantar da dukan masu nauyin zuciya a cikinmu. Amin.